Hannunka Ne Ke Rawa, Malam Ɗigo

Zuwa gare ka sanyin idona, inuwata a tsakar rana, Malam Ɗigo na ɗakin gwajinmu, wanda zuciyata ta ƙi ta karɓi sallamarsa.

Yayarka ta zo ta same ni a bakin firiza, safar hannu ma ban cire ba, ta isar da saƙonka: wai in daina jiranka, maganar aurenmu a bar ta, tunda likita ya ce rawar hannunka ba mai tafiya ba ce. Ta faɗa tana kuka, ni kuwa na tsaya riƙe da kwanon ƙanƙara har yatsuna suka mutu. Haba masoyina! Ko fuskata ba za ka iya kallo ka faɗa mini da bakinka ba?

Ka tuna ranar da na fara aiki a ƙarƙashinka? Ka ba ni bututun ɗigo, na cika ramukan farantin gwaji kamar mai zuba miya, ka yi dariya har da riƙe ciki. Kai kuwa in ka ɗiga samfuri a rami uku, layukan da injin PCR mai gwajin ƙwayar gado ke zanawa a kwamfuta sai su hau kan juna su tashi tare, mutum ya rantse layi ɗaya ne. Wallahi tun a wannan layin na fara sonka, kai kana can kana yi mini faɗan kumfa a cikin rami.

Ina wurin kuma ranar da layukanka uku suka watse, kowanne ya kama gabansa. Na ga ka ɓoye hannun dama a aljihu. Ka rataye farar rigarka a ƙusar bayan ƙofa, ka fita. Tana nan har yau, na hana mai shara taɓa ta.

Wayyo, Malam Ɗigo, ina karatun da ka koya mini ya tafi? Ba kai ka ce injin nan ba ya faɗin ƙarfin ƙwayar gado ita kaɗai ba? Sai an ɗora ta kusa da wata ƙwayar da ba ta motsi, da lafiya da ciwo tana nan yadda take, sannan tazarar da ke tsakaninsu ta nuna ko ta ƙaru ko ta ragu. Sau nawa ka mayar mini da aikin mako guda don na zaɓi ma'aunin da shi kansa canzawa yake? To ga shi kai ka ɗauki hannu, abin da tsufa ma kaɗai ke sa shi karkarwa, ka auna kanka da shi, ka yanke wa mutum biyu hukunci. Da ɗalibi ne ya kawo maka wannan sakamakon, da ka kore shi da faɗa.

Ni ba hannu na ce zan aura ba. Idon nan nake so, wanda ke hango layin da ya tashi da wuri tun daga bakin ƙofa. Tun tafiyarka sakamakonmu ya rikice, shugaban ɗakin gwajin sai zagaye yake yana tsaki, ni kuma na san ma'aunin ne ya goce amma na kasa gane inda ya goce. Ka dawo, hasken raina. Ni in ɗiga, kai ka karanta. In shayi ya zube a rigarka, ni zan wanke, har in yi maka tsiya a kai.

Amma kada ka sake aiko mini kowa. In rabuwar ce, ka zo ka zauna a kujerarka ka faɗa ina kallonka. Kuma ka dubi rubutun nan yadda ya karkace, ka gani da idonka: nawa hannun ma rawa yake tun ranar da ka fita.

Taka, da lafiya da ciwo, har numfashina ya ƙare,
Ɗalibarka mai kumfa a rami.