A Mayar da Shi Gun Uwarsa

Souto, Lahadi 4 ga Satumba, 1994

Zuwa ga ɗana Amílcar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya, ga yadda muke a gida. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ka sani. Maƙwabciyarmu Benvinda tari ya dawo mata, amma bai hana bakinta aiki ba. Mijinta yana kwance yadda ka bar shi. Farar akuya ta warke. Baƙar kuwa tun ranar Alhamis da ka tafi take ƙin abinci, sai kallon ƙofa. Ni ban ƙi abinci ba, ƙofar dai ina kallo.

Allon da muke hira da shi yana nan rataye a kicin, ban goge abin da ka rubuta na ƙarshe ba. Shekara arba'in da huɗu ke nan rabonka da kwana a wani gari, tun dawowarka daga makarantar kurame. Jiya Benvinda ta same ni ina share ido. Ta ce, "Ke Deolinda, mutum mai shekara sittin da ɗaya, furfura har cikin hanci, shi kike yi wa kuka? Hutun tsofaffi fa ya tafi, ba yaƙi ba." Na ce, "Tsofaffi su. Shi yaushe ya tsufa?" Ta ce, "Ranar da kika cika tamanin da biyu." Na ce ta je ta ji da tarinta.

Abin da ke damuna shi ne, mutum arba'in da uku a mota ɗaya, babu mai ji ko ɗaya sai direba. In teku ta taso ta bayanku, wa zai yi wa wani ihu? Kada ka juya mata baya. Kada ka shiga ruwa bayan cin abinci. Kada ka ci kifin da ba ka ga kansa ba. Kuma kwat ɗinka mai ruwan ƙasa, ka riƙa sa shi duk inda za ka, ko da ana zafi. Kada ka tambaye ni dalili.

Mako uku da ɗoriya ai da yawa. Allah ya tsare min kai, ya dawo da kai da ƙafafunka.

Mahaifiyarka,
Deolinda

*

Bakin tekun Mira, Laraba 7 ga Satumba

Inna,

Ina gaishe ki. Na sauka lafiya. Ina cin abinci. Ruwa iya gwiwa nake shiga.

Kwat ɗin na manta shi a mota ranar da muka je kallon masunta. Direba ya duba ciki, ya ga ƙyallen da kika ɗinka a shafi. Ya shigo ɗakin cin abinci da kwat a hannu, ya tsaya yana karantawa da ƙarfi. Na san da ƙarfi ne don jijiyar wuyansa ta tashi. Ba wanda ya ɗago kai. Sai ya bi tebur yana nuna wa kowa rubutun: "Mai wannan riga kurma ne. Wanda ya tsince shi ya mayar da shi gun uwarsa, Deolinda Carrasco, a Souto."

Mutum arba'in da biyu suka ɗaga hannu, kowa ya ce shi ne. Ni kaɗai ban ɗaga ba. Tomé, abokina na makaranta, ya faɗo daga kujera don dariya. Ya ce shi a mayar, ya san labarin cukun da kike yi.

Dona Graciete, shugabar tafiya, ta karɓi kwat ɗin. Ta ce ba za ta ba ni ba tukuna.

A ba baƙar akuya ganyen ɓaure. Ki daina kallon ƙofa.

Ɗanki,
Amílcar

*

Souto, Juma'a 9 ga Satumba

Zuwa ga Dona Graciete, shugabar tafiyar tsofaffin kurame,

Ina gaishe ki da girmamawa, ko da yake ba ki san ni ba. Ni ce uwar Amílcar, wadda ta ɗinka ƙyallen nan. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun da bai riƙe alƙalami ba sai da ya shekara talatin ba ya miƙewa sosai.

Laifin nawa ne, ba nasa ba. Bai san da ƙyallen ba. Ina roƙonki ki mayar masa da rigarsa, ki kuma hana su yi masa dariya. Shi mutum ne shiru-shiru, ba ya son idon jama'a. A yini in ya rubuta layi biyar a allo, to ya yi surutu.

Bari in faɗa miki dalilin da ya sa na yi. Yana da shekara takwas na sa shi a jirgin ƙasa zuwa makaranta, shi kaɗai, da ƙyalle a ƙirji. Fadan cocinmu ne ya rubuta, ni na ɗinka, ban san abin da ke jiki ba. Na tsaya a tasha ina kallon ɗana yana tafiya da maganar da ban iya karantawa ba. Washegari na je gun ƙanwar fada na ce ta koya min baƙaƙe, don yaron da ba ya ji ba a aika masa saƙon baki. Wannan karon da zai tafi sai zuciyata ta ce, yanzu ai na iya, bari in rubuta da hannuna. Ban tuna ya girma ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Malaman makarantar sun ce min in ya saba magana da hannu ba zai taɓa buɗe baki ba, don haka in na ga ya ɗaga hannu in buge. Na bi maganarsu. Duk hutun da ya zo gida sai na buge masa hannu a kan tebur. Bakin bai buɗe ba, hannun kuma ya daina motsi a gabana har yau. Yanzu ga shi na ƙara kunyata shi a gaban mutanensa.

Wasiƙarsa gajera ce, ban gane ko fushi yake ba. In ya ce miki ba zai dawo Souto ba, ya fi son zama cikinku, kada ki ɓoye min. Ki faɗa min gaskiya, zan iya ɗauka.

Allah ya saka miki da alheri.

Deolinda Carrasco

*

Bakin tekun Mira, Litinin 12 ga Satumba

Inna Deolinda,

Gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, duk da shekara takwas kacal kika ba ni. Wasiƙarki ta sa ni kuka, sai wuri ɗaya da na yi dariya har gilashina ya faɗa cikin miya. Shiru-shiru? Amílcar? Baiwar Allah, ɗanki ya hana mu cin abinci da zafinsa tun ranar da ya zo! Mu da hannu muke magana, da hannu muke ci, dole a ajiye ɗaya. Jiya yana ba da labarin yadda baƙar akuyarku ta cinye hular fada, har da yadda fada ya bi ta cikin kabeji yana riƙe da gefen rigarsa. Tomé ya buga tebur ya ce, "Kai ɗan Inna, ka bar hannun nan ya huta, kifi ya huce!" Ɗanki ya ce, "Kai da haƙori biyu, saurin me kake? Ko an ba ka da zafi sai gobe za ka gama." Tomé ya ce, "Biyun nan sun fi gashin kanka yawa." Haka muke fama da su.

Bari in ba ki tarihin tafiyar nan, sai ki gane abin da ƙyallenki ya yi. A 1966 wani tsohon mai gyaran takalma, Eusébio, 'ya'yansa suka tura shi hutu tare da tsofaffi masu ji. Mako biyu yana zaune cikinsu kamar tukunyar fure, ana shafa masa kafaɗa ana wucewa. Da ya dawo ya rubuta wa abokansa na makaranta su takwas, ya ce gara su tafi su kaɗai. Masu masauki uku suka ƙi karɓarsu, wai in gobara ta tashi wa zai tashe su. Sai wani masunci a nan ya ba su rumfar da yake ajiye taru. Ni ce mai yi musu girki, a lokacin ban kai tsufa ba. Tebur ma da kansu suka sassaƙa shi zagayayye, don kowa ya ga hannun kowa, har yau shi ne a tsakiyar ɗaki. Bana tafiya ta ashirin da tara, mun koma motar safa guda, akwai masu zuwa daga Porto har da tsibirai. Sharaɗi shekara sittin. Bara muka gayyaci ɗanki, ya ce ba zai bar ki ke kaɗai ba.

A tafiyar farko, ana cin abincin rana, Eusébio ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihu: wadda aka maƙala masa a ƙirji ranar da aka kai shi makaranta. Sai ga shi shida cikin su tara kowa yana ajiye da tasa. Dukanmu haka aka aika mu, kamar buhun wake. Tun daga ranar duk sabon zuwa yakan kawo tasa a sa cikin akwatin Eusébio, ranar ƙarshe a buɗe, mai ita ya tashi ya ba da labarinta. Sun haura ɗari biyu yanzu. Amílcar ya zo da tasa ta 1941, ya yanko ta daga rigar tun yana yaro. Shi ya sa na riƙe kwat ɗin, ina so in warware sabon ƙyallen a hankali in haɗa su. A tarihin tafiyar nan ba a taɓa mai biyu ba sai shi. Ki ga yadda yake ɗaga kafaɗa, kamar an ba shi lambar yabo.

Kin san sunansa a wurinmu? Mu ba ma kiran Amílcar, kowa da sunan da aka raɗa masa da hannu. Duk yaran makarantar da fil aka maƙala musu takardunsu. Shi kaɗai ya sauka daga jirgi da ƙyalle ɗinkakke, gefe huɗu, da jan zare, ɗinki ƙanana, don uwarsa tana tsoron fil ya soke shi. Sunansa ke nan: a haɗa babban yatsa da manuni kamar an riƙe allura, a ɗinka gefe huɗu a kan ƙirji. Shekara hamsin da uku duk wanda zai kira ɗanki sai ya yi ɗinkinki.

Zancen bugun hannu kuma, dukanmu an buge mu, haka aka gaya wa iyayenmu. Ya yi zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma jiya na tambayi tebur, "Wa uwarsa ta koyi rubutu saboda shi?" Hannu ɗaya ya tashi.

Ranar Asabar 24 ga wata za mu buɗe akwati. Ita ce rana ɗaya tak da muke karɓar baƙi masu ji, da doka guda: daga bakin ƙofa har a gama cin kifi ba a magana da baki. Ba ma ji, amma muna gani. Wanda leɓensa ya motsa, shi zai fere dankalin mutum arba'in da uku. Ki zo. Ba za ki gane duka ba, amma za ki gan shi.

Taki,
Graciete Valente

Inna, ni ne. Ba na fushi. Zan dawo gida, wa zai tatsi akuya? Amma ki zo. Akwai labarin da allo ya yi wa kaɗan. Amílcar.

*

Souto, Alhamis 15 ga Satumba

Ɗana,

Ina gaishe ka, ka gaishe min da Dona Graciete da mai haƙori biyu. Gwiwa da sauƙi. Baƙar akuya ta ci ganyen ɓaure, ta haɗa da tawul ɗin Benvinda.

Zan zo. Surukin Benvinda zai kai ni tashar mota ranar Juma'a 23 ga wata. Tun shekaranjiya nake gwada yin shiru. Na kai har bayan karin kumallo, sai kaza ta shiga kicin. Benvinda ta ce, "Ke da kike yi wa tukunya magana? Ki tafi da wuƙarki kawai, tasu ba lallai tana da kaifi ba." Na sa wuƙar a jaka.

Na tsaya gaban madubi na kira sunanka da hannu sau da yawa. Ɗinki ai aikina ne. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa zama inda kowa ke hira ni kaɗai ban gane ba, kai kuwa haka ka zauna a teburina shekara da shekaru. In ka ɗaga hannu ranar, nawa suna kan cinyata.

Na ɗinka ƙyalle a gaban rigata, da jan zare, ba a shafi ba, a fili inda kowa zai gani. Na rubuta: "Mai wannan riga tana ji, amma ba ta iya magana ba tukuna. Wanda ya tsince ta ya kai ta gun ɗanta."

Ka rubuto min wace mota zan hau daga Coimbra, da kuma ta wane gefe ake fara ɗinkin sunanka, hagu ko dama, kada in kira wani. Amsar ta iso kafin Alhamis 22 ga wata, don ranar zan ɗaure cuku.

Mahaifiyarka,
Deolinda