An Fere Haƙoran Mahaifiyata Don Su Dace da na Roba

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Lafiyar Haƙori,
Babban Asibiti.

Daga:
Babban ɗan majinyaciyar da ake magana a kanta.

3 ga Nuwamba.

Ranka ya daɗe,

Game da: neman dakatar da aikin da aka shirya yi a bakin mahaifiyata ranar 12 ga wannan wata

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifiyata, wadda ba za ta taɓa kawo shi da bakinta ba. Ta rasa turamen haƙoranta na ƙasa, hagu da dama. Ina ƙasar waje ina karatu na sa ƙanwata ta kawo ta sashenku, a yi mata haƙoran roba irin waɗanda ake sawa a cire, masu ƙugiyar ƙarfe da ke kama haƙoran da suka rage. Ga abin da ya biyo baya.

1. An ɗauki awon bakinta ranar 9 ga Janairu. Ba a ba ta haƙoran ba sai 20 ga Yuli, wai kayan aiki sun yanke. Likitan da ya duba ta a wani asibiti bayan dawowata ya bayyana mini cewa haƙoran da ke gefen giɓi sukan karkata idan aka bar su haka, don haka tsohon awo ba ya aiki. Sashenku bai sake awo ba.

2. Da haƙoran suka ƙi zama, ma'aikacin da ke ɗaki na biyu bai mayar da su an gyara ba. Ya ɗauki inji ya fere lafiyayyun haƙoranta guda biyu har ƙugiyar ta shiga. Na san akan ɗan goge haƙori don ƙugiya ta sami wurin zama. Wannan ya wuce guga. Ƙanwata tana tsaye a wurin, ba a nemi izinin kowa ba.

3. Ba wanda ya gaya mata ana cire su idan za a kwanta, ko yadda ake wanke su. Da su take kwana.

4. Sau biyu ta koma sashenku. Aka tambaye ta ya jiki daga bakin ƙofa, ta gode wa Allah, aka sallame ta. Ranka ya daɗe ya san iyayenmu mata: ba sa kai ƙarar likita wurin likita. Ba wanda ya ce ta buɗe baki. Da an duba, da an ga audugar da take naɗewa tana cusawa a ƙarƙashin robar, da gyambon da ke dasashinta. Da ƙanwata ta yi magana, sai aka ce tsofaffi haka suke, sannu a hankali za ta saba.

Ita kuma ta ɗora laifin a kanta, tana cewa bakin ne bai saba da abin arziki ba. Duk lokacin da na kira ta a waya ta bidiyo sai ta yi mini murmushi da su, don ni na aiko a yi. Idan za ta ci abinci sai ta cire su ta ƙulle a gefen zani, ta juya wa jikokinta baya. Da na dawo na tarar zobenta yana zamewa daga yatsa.

5. Ranar 18 ga Oktoba haƙorin hagu da aka fere ya karye. An cire saiwar. Yanzu an ba ta rana ta dawo a ƙara rage na dama, a matse ƙugiyar a kansa. Wannan haƙori ya riga ya fara girgiza.

Saboda haka nake roƙon Ranka ya daɗe:

a) a dakatar da aikin ranar 12 ga wata;
b) babban likita ya duba bakinta da idonsa, a magance gyambon, a ɗauki sabon awo;
c) a binciki wanda ya ba da umarnin ferewa, a ba ni amsa a rubuce.

Ban nemi a kori kowa ba, kuma ban nemi diyya ba. Na karɓe haƙoran robar na ajiye, ta yi fushi da ni. Ta ce tunda likita ya sa rana, za ta je, ko na raka ta ko ban raka ta ba, kuma na san za ta je. Idan umarninka bai riga ta isa ɗaki na biyu ba, za ta zauna ta buɗe baki, ta yi godiya bayan an gama.

Ina jiran amsarka kafin wannan rana. Allah ya ƙara girma.

Naka cikin ladabi,
Babban ɗanta.