Maus a Kan Teburin Gilashi

Assalamu alaikum, Yaya Umaru.

Ina fata kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Inna na samun sauƙin ƙafarta.

An ɗauke ni daga kan kwamfutar ofis. Shekara huɗu ina aiki da tsohon maus, wato linzamin da ke jan kibiyar nan ta allo. Ƙwallon roba ne a cikinsa yake juya 'yan sanduna biyu, in ya yi datti in buɗe in goge. Sai shugabanmu ya sayo sabo mai jar fitila, wanda fuskar tebur yake haskawa ya gane motsi. Ya sa aka mai da kwamfutar kan teburinsa mai gilashi. Kibiya ta ƙi tafiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, haskensa ratsa gilashin yake yi. A shimfiɗa masa takarda."

Ya ce, "Malam Bala, ka lalata kayan gwamnati, kuma za ka karanta mini jarida?"

Aka tura ni ɗakin ajiyar fayil. Bayan mako biyu aka ɗauko injiniya tun daga Birnin Kebbi. Ya duba, ya sa aka karɓo jaridar da nake karantawa, ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin maus ɗin, ya kama aiki. Kowa na yabonsa. Ni har yau ina cikin fayil, ko jaridar ba a maido mini ba.

Ka sa ni a addu'a, Allah ya ba ni haƙuri. A gaida Kawu Sule.

Ƙanenka,
Bala, daga Yelwa