Ƙafar Sailuba

Ƙofar Gayan, Zariya, 1989

Zuwa ga 'yata Ummukulsum a Jidda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya aikin asibiti, yaya zafin garin? Ina fata kina cin abinci, ba shayi kaɗai ba. Babanki lafiya lau, sai ciwon gwiwarsa. Ɗan'uwanki Mustapha lafiya. Gwaggo Delu, yayar babanki, lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta yi mini magana. Ƙanwarki Sailuba ce ta kwanta, amma kada hankalinki ya tashi, ki karanta har ƙarshe. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya koyi alƙalami da furfura ba ya sauri.

Sailuba ta dawo gida haihuwa, Allah ya sauke ta lafiya, an sami namiji, sunansa Mika'ilu. Gwaggo Delu ce ta karɓi wankan jego, kamar yadda ta yi mini lokacin haihuwarku duka. Ruwa tafasasshe safe da yamma, kunun kanwa cikin ƙwarya, a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, mai jego ta kwanta a kai. Bayan suna sai na ga yarinya tana haki in ta je bayan gida, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Ƙafafunta suka cika. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa, a ƙara itace.

Sai na tuna zuwanki hutu bara, da kika kama hannuna kika nuna mini yadda ake gane kumburi a ƙaurina. Na danna babban yatsana a ƙafar Sailuba, na ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Ummukulsum, alamar da kika ce in kula da ita ke nan. Na yi ta jin haushinki a ranar, ba zan ɓoye miki ba. Kina can kina jinyar 'ya'yan mutane a wata ƙasa, ga 'yar uwarki numfashi yana gagararta.

Na ce asibiti za mu. Gwaggo ta ce tun da na shiga yaƙi da jahilci na zama likita, wai saura a saya mini farar riga. Ta ce ba a fitar da mai jego kafin arba'in, iska za ta buge ta, kuma alhakin yana wuyana. Babanki ya tafi Kaduna, ba wanda zan nemi izininsa. Na zuba wa wutar gadon ruwa da hannuna, na yafa mayafi, na fita bakin titi na tare tasi. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yin haka ba.

Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru a jikinta, kuma da mun ƙara jinkiri da labarin ya bambanta. Aka yi mata allurai, kumburin ya yi ta saɓewa. Takardar magani ni na karanta da kaina, ban nemi kowa ba. Yanzu tana gida, tana shayar da ɗanta, jiya har ta yi shara na ƙwace tsintsiyar. Da babanki ya dawo ya ji komai, sai ya ce Allah ya yi mini albarka, a gaban Gwaggo.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Labari ya zaga unguwa, masu jego biyu an aiko a kira ni in danna musu ƙafa. Ɗayar jikar Gwaggo ce, kuma an ce Gwaggon ce da kanta ta turo a ɓoye. Ni kuwa dannawar nan kaɗai na sani, ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba. Wankan da ruwa mai ɗumi ya halatta? Me za a sa a kunu a madadin kanwa? Ki rubuto mini dalla-dalla, da manyan baƙaƙe.

Alhaji Jalo maƙwabcinmu ne zai kawo miki wannan, zai zo Umara. Don Allah ki ba shi amsa a hannu, ta iso kafin ranar arba'in ɗin Sailuba, domin mata za su taru, kuma a gabansu nake so in karanta.

Kowa yana gaishe ki. Allah ya tsare mini ke, ya dawo da ke lafiya.

Mahaifiyarki,
Batulu