Kayen Hadiza da Na Yaga

Daren Laraba, Vénissieux, Faransa

Yau na tsinci kaye, wato littafin rubutu, a jakar 'yata Hadiza, cike da rubutun Ibrananci. Ban tambaya ba na yaga shi, na yi mata wa'azin riƙon addini har maƙwabta suka ji.

Sai da na gama ta ce, "Inna, tsohuwar da nake jinya ce ta mance Faransanci, sai Ibrananci take yi. Jiya ta wuni tana cewa mayim, ashe ruwa take roƙo."

Ni da nake koya wa 'ya'yana ladan shayar da mai ƙishirwa!

Na liƙe shafukan. A ɗaya ta rubuta da boko: sliha, yi haƙuri. Na maimaita shi sau uku a kicin. A ƙofar ɗakinta kuwa, abin da bakina ya iya shi ne, "Kin ci abinci?"