Inda Auta Za Ta Haihu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ɗalibanki, ya kunnen nan naki? Na san waya wahala take ba ki, shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda, don maganar ba ta ɗaga murya ba ce.

Ina da ciki, wata bakwai. Kada ki yi fushi da na ɓoye miki. Tsoro nake ji, gani nake in na faɗa da bakina wani abu zai same shi. Yanzu ƙafafuna sun kumbura har na kasa taka keken ɗinki, ɓoyo ya ƙare.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne inda zan haihu. Akwai ƙaramin asibitin bayan kasuwa inda nake awo. Gado huɗu ne, da wata Sista mai tabarau da ke tambayata ko na ci abinci kafin ta taɓa cikina. Akwai na kuɗi a bakin titi, mai tayil da talabijin, amma likitansa sai yamma yake zuwa. Sai babban asibiti. Ba sai na tuna miki ba, tare muka zauna a barandarsa shekara biyu da suka wuce, tun hantsi har la'asar, kuma kin ga abin da aka miƙo mana a naɗe.

Na tambayi maigidana Mai walda, ya ce ni na san inda ke mini ciwo, duk inda na nuna zai kai ni. Mutumin kirki ne, amma in ba ƙarfe ba ne bai san yadda ake yanke shi ba. Ke ce uwata tun da Inna ta rasu. Ki zaɓa mini.

Ki huta lafiya.
Autarki.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Ina amsa gaisuwarki, ina kuma roƙon Allah Ya sauke ki lafiya. Na karanta takardarki a ofis, sai da na tura ƙofa.

Ba zan zaɓa miki ba. Wancan karon ni na zaɓa. Ke kika so ƙaramin asibiti, na ce babban ya fi kayan aiki, kika bi maganata.

Abin da zan iya shi ne in ba ki tambayoyi. Ki je ko'ina ki tambaya: suna da jini a ajiye? In wuta ta ɗauke, me suke yi? Wa ke bakin aiki ranar hutu? In abu ya fi ƙarfinsu, suna da motar da za ta ɗauke ki? Ki rubuta amsoshin, kada ki dogara da fara'ar kowa.

Jarrabawa ta taso, ba zan iya barin makaranta ba sai ƙarshen wata mai zuwa. Ki rage gishiri, ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan matashi. Ki gaida maigidanki.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Na ga takardarki, ta yi kama da wadda kike ba iyayen yara ranar hutu. Duk da haka na bi ta.

Na fara da na kuɗi. Mai karɓar baƙi ta ce suna da komai. Da na ce ta nuna mini inda jinin yake, ta ce ai ana aikawa a karɓo daga babban asibiti. Likitan ma, ashe, daga can yake tasowa. Kin ga tayil kawai zan je in haihu a kai.

A ƙaramin, Sista mai tabarau ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ja hannuna zuwa bayan ginin ta nuna mini motarsu, a kan duwatsu take, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Muka yi dariya. Sai ta karɓi hoton cikin da ta tura ni in yi, ta daɗe tana duba shi, dariyar ta tafi. Ta ce yaron a gicciye yake kwance, kuma ba ta ga alamar zai juya ba.

"Ba zan karɓe ki a nan ba," in ji ta. "Da 'yata ce ke, da kaina zan kai ki babban asibiti."

Na roƙe ta. Na ce zan sa hannu a kowace takarda, in na mutu ba laifinta. Ta ce ba takarda take tsoro ba.

Jiya na je can. Da na shiga, wa kike tsammanin na tarar a teburin karɓar marasa lafiya? Matar nan mai wushirya, wadda ta yi ta ce mana mu jira. Ba ta gane ni ba, Yaya. Ta yi mini murmushi, ta kira ni ƙanwarta, ta yaba ɗinkin rigata. Shekara biyu ina ganin fuskarta a cikin ruwan wanka, ita ko sunana ba ta riƙe ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likita ya sa ranar tiyata, sha takwas ga wata mai zuwa. Na tambaye shi ɗakunan tiyata nawa ne, ya ce biyu, ɗaya ana gyara. Ranar hutu fa? Ya ce likita ɗaya ne, amma ranata ba ta faɗo a hutu ba, in kwantar da hankalina.

To ga amsoshin tambayoyinki. Wata biyu ina rama a kan zaɓi, ashe ba ni da shi. Ban ɗinka wa jaririn ko hula ɗaya ba. Yadin yana nan a ƙarƙashin katifa, na kasa sa masa almakashi. Kuma ki yi haƙuri in faɗa: na nemi uwa, kika aiko mini da shugabar makaranta.

Auta.

*

Autata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Kin faɗi gaskiya, na karɓa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A ranar nan, ke kina jingine da bango idonki a rufe, ni na ga zanenki ya jiƙe da jini tun kafin azahar. Sau uku na je teburin. A na ukun matar ta ce in koma in zauna ko ta sa a fitar da ni. Na koma na zauna. Ni da ke tsawata wa yara ɗari shida su yi tsit, na zauna na naɗe hannu, don kada a ce ban san girman ma'aikata ba. Da na yi ihu, da na kifar da teburin, wataƙila da ɗanki yana gudu a tsakar gida yanzu. Wannan ne ya hana ni zaɓa miki, ba zaɓin farko kaɗai ba.

Na miƙa wa mataimakina ragowar jarrabawar. Zan iso ran sha shida, in kwana biyu da ke kafin a shiga da ke. Wannan karon ba zan zauna ba, ko da za a fitar da ni da 'yan sanda.

Ki yanka yadin. In kin kasa, ki bari in zo in riƙe miki bakinsa.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni ne mijin Auta. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba.

Naƙuda ba ta jira sha takwas ba. Ta zo ran tara, ranar hutu, da rana tsaka ina shago. Na kai ta babban asibiti cikin minti ashirin. Sun karɓe ta da sauri, ba zan yi musu ƙarya ba, amma likitan yana ɗakin tiyata da wata, ɗaya ɗakin kuma har yanzu a kulle. Awa uku. Na yi ihun da kika ce za ki yi, Auta ta karanta mini takardarki. Babu wanda ya fitar da ni, babu kuma ɗakin da ya buɗe.

Mace ce. Ta kwana ɗaya a kwalba, ta koma. Auta ta sani, ta gan ta.

Abin da ba ta sani ba, mahaifar ta fashe, sun cire ta don su ceci ranta. Likita ya ce ni zan gaya mata in ta ƙara ƙarfi. Yau kwana huɗu. Ɗazu ta ce wadda ke gadon kusa da ita ta ba ta labarin wani sabon asibiti da ake ginawa a hanyar tasha, in je in tambayo mata ko suna da jini da mota, saboda haihuwa ta gaba. Na ce to.

Don Allah kada ki jira sha shida. Ki hau motar gobe.

Ƙaninki.