Na Koma Garkarki, Fanna

Assalamu alaiki, Fanna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinki. Na san takardar nan ba za ta iso hannunki ba, kuma babu wanda zan ba ya kai miki. Amma yau na dawo daga likita da labari mai daɗi, na shigo gida na rasa wanda zan fara faɗa wa. Shekara ashirin da shida ke nake fara gaya wa komai. Shi ya sa na yagi takarda daga kayen lekol, littafin rubutun ƴan makaranta, na zauna a inuwar bedi, dogon yaron nan na tsakar gida, ina rubuta miki.

Majo Hadiza ce, ma'aikaciyar jinya, ta auna ni. Ba ki san ta ba, bayan rasuwarki aka turo ta nan Gure daga Doso. Ta ce tansiyona, wato hawan jinin, ya sauka ya zauna, sukarin jinina ma ya koma inda ake so, har an rage mini ƙwayar da nake sha. Na san za ki ce wace ƙwaya kuma, Malam? Ki yi haƙuri in ɗauko miki daga farko, don ba duka labarin ne mai daɗin ji ba.

Bayan mun kai ki makwancinki ban kula da kaina ba. Ƴarmu Zara kullum tana aiko abinci daga gidan mijinta, amma hannunta naki ne sak, loma biyu sai in tuna ki in kasa ci. Sai in rufe kwano in hau moto, babur ɗina, in tafi bakin tasha, in ci tsire in kora da lemun kwalba. Da yamma kuma ina fadarmu ta ƙofar tela, a sha shayi na farko, na biyu, na uku, a sake ɗora wani. Masallacin da ke bayan gidanmu ma a moto nake zuwa. Da riguna suka matse ni, sai na ce tela ne ya ɓata ɗinki.

Wata Talata da safe ina rubutu a allo a lekol ɗin da nake shugabanta, alli ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, yatsuna suka ƙi kamawa, aji ya fara juya mini. Kin san yadda Baba ya ƙare, shekara huɗu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ke kika yi jinyarsa ba ki taɓa ɓata rai ba. Shi na riƙa gani sa'ad da malamai ke kai ni likita. Ni wa zai juya ni a shimfiɗa? Zara, da ƙaramin cikinta na fari?

Allah ya taƙaita, hannun ya dawo a ranar. Majo ta ce wannan gargaɗi ne, na biyun ba lalle ya zo da sauƙi haka ba. Kin san halina in na tsorata. Na rantse na bar nama, na bar shayi, na bar gishiri, kuma kullum zan zagaya gari da ƙafa. Kwana huɗu na yi. A na biyar ƙafafuna sun kumbura, kaina na sarawa, na je bakin tasha na ci tsiren da ya fi na kullum yawa. Na koma wurinta da kunya, ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Da Hausarta ta Zabarmawa ta ce, Direkta, ƴan ajinka na fari, a rana guda kake koya musu baƙaƙe duka? Ta ce in ci gaba da shan magani, sannan in zaɓi abu ɗaya tak in riƙe shi, sai ya daina yi mini wuya in ƙara wani.

Na zaɓi kofi na uku, wanda ya fi zaƙi. Ina shan biyu in kife kofina. Mutanen fada suka sa ni gaba, wai an sa ni takabar shayi. Na yi dariya tare da su, amma ban ɗaga kofin ba. Bayan wata guda na mai da lemun kwalba na ranar Juma'a kaɗai, har wata Juma'a ta wuce ban tuna da shi ba. Na roƙi Zara ta rage gishiri da dunƙulen miya kaɗan kaɗan, ta ƙara daddawa da ganye. Ikon Allah, da ɗanɗanon ya ɗan bambanta da naki sai na iya cin abincinta. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya da rabi, rabin da ya saura shi ne ɗumamen safe.

Tafiya kuwa daga masallaci na fara. Sai na ƙara da fita bayan La'asar, in kai famfon ƙarshen layi in dawo ina haki. Daga famfo zuwa bakin gari ya ɗauke ni wata biyu. Daga nan sai tudun rairayin nan da kike hawa kullum da kwando a ka, kina ce mini ba wani nisa. Fanna, ashe haka yake da wuya? In ka ɗaga ƙafa ɗaya, ɗayar ta nutse. Ranar da na kai samansa na hango kwarin da ke ƙasa, dabinai kore shar, da garkar da mahaifinki ya bar muku. Tun rasuwarki ban je ba. Mako uku ina hawa in tsaya a sama in juya, ƙafa na iya gangarawa amma zuciya ta ƙi.

Ranar da na gangara na iske yayanki, Ya Kiari, yana ban ruwa. Muka gaisa, bai tambaye ni inda na shiga ba, guga kawai ya miƙo mini. Fangalinki na albasa da salati duk sun bushe, amma itatuwan zogalenki suna nan, bai bar su da ƙishi ba. Guga biyar na ja a ranar, bayana ya ce ya isa. Yanzu ina jan ashirin ina hira. Na sake gyara fangali uku, na sa tumatir da shu, wato kabeji, da karoti. Karotin bai yi ba, Ya Kiari ya ce na cika masa ruwa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin tuna dambun zogalen da kike zuba mini a kwanon nan mai murfi shuɗi in tafi da shi lekol, kina cewa jinin gidanmu mai hawa ne, in kiyaye? Ba na ci, Fanna. Mai gadi nake ba, ni kuma in aika a sayo mini fanke. In dawo da kwano wankakke ki tambaye ni, in ce ya yi daɗi. Shekaru na yi ina haka. Abin ya tsaya mini a rai har na faɗa wa Ya Kiari muna zaune a bakin rijiya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai kin sani tun shekarar farko, matar mai gadi ce ta tare ki a kasuwa tana yi miki godiya. Wai kin ce masa a bar ni, gidan mai gadi ma suna bukata, ni kuma wata rana zan ci da kaina. Me ya sa ba ki taɓa nuna mini ba? Kullum ki tashi ki tsinke ganye, ki turara, kin san inda za shi? Ki yafe mini. Yanzu ni ke tsinko shi in kai wa Zara, kuma ba na ragewa.

Kada ki ɗauka na zama wani mutum daban. Zara ta sauka lafiya, namiji, mai goshinki. Ranar suna na ci soyayyen nama har na ji kunyar surukaina, na sha kofi na uku da na huɗu. Da can da sai in ce komai ya rushe. Wannan karon washegari na saka takalmi bayan La'asar na kama hanya kamar kullum. Tela da ya fi kowa yi mini tsiya yanzu tare muke hawan tudu, yana tafe yana mita. Ya rage mini riguna biyu.

Abu na ƙarshe shi ya fi mini nauyin faɗa. A shekarar farko ban damu in daɗe ba. Ban taɓa furtawa ba, amma in na ga kwano a rufe, ko na ji jiri na share, a ƙasan raina cewa nake in ma tafiyar ce ai wurinki za ni. Na nemi gafarar Allah a kan wannan. Makon jiya Ya Kiari ya ciro ɗan dabino daga gindin uwarsa, na haƙa rami kusa da zogalenki na dasa da hannuna. Ya ce sai an yi shekaru kafin ya yi ƴaƴa. Kwana na hannun Allah, amma na sami kaina ina so in ga ranar, in tsinko in sa wa jikanki a baki. Ina kewarki kullum, Fanna, sai dai na daina gaggawa. Na san ba za ki ji haushi ba.

An kira La'asar, kuma dabinon yana bukatar ruwa. Allah ya jiƙanki, ya sa kina hutawa, ya haɗa mu a Aljanna in lokaci ya yi.

Ni ne mijinki,
Malam Issufu, baban Zara